Ni Na Sa Baba Malam Ya Ajiye Allura

Ni ne na sa Baba Malam ya ajiye allura. Ni Abba, ba Goggo Asabe ba. Na faɗa tun a layin farko saboda na san halinku, rabinku in rubutu ya wuce layi uku sai ku danna babban yatsa ku wuce abinku. To ko nan kaɗai kuka karanta, saƙo ya isa.

Jiya na rubuta fefa ta ƙarshe a jarrabawar jami'a. Na gama, jama'a, na fito. Farar rigar da na saka ba ta da sauran wurin sa hannu, 'yan ajinmu sun cinye ta da alƙalamin maka, har wani ya rasa fili ya rubuta min addu'a a hammata. Tun jiya bakina ya ƙi rufuwa, Umma ta ce in ci gaba da washe haƙora haka ƙuda zai shiga. Na san masu rubuta tarihin rayuwarsu sai sun yi furfura suke zama su rubuta, ni kuwa gemuna ma bai gama haɗewa ba. Amma akwai shekara ɗaya da nake so ku ji daga bakina, ku ƙananan gidanmu, su Hanifa da Walid da 'yan biyun Yaya Nasiru in sun iya karatu. Makon jiya na ji Hanifa, yarinyar da ba ta wuce shekara tara ba, tana gaya wa ƙawarta wai Goggo ce ta yaudari Baba Malam shi ya sa ya daina ɗinki. Ba ita ta ƙirƙira ba, a tsakar gida ta tsinta. Shi ya sa yau na zauna a zaure da wayata da caja.

Ku kun taso kun ga Baba Malam tsoho ne mai zama a zaure da carbi. Mu mun san shi da riga a kan gwiwa. Kakanmu ne, mahaifin Babanmu, kuma a unguwarmu a cikin birni in aka ce ɗinkin hannu na babbar riga sunansa ake fara kira. Allurarsa a gefen hularsa take zama, ko masallaci zai je tana nan soke. Sunansa aka sa min, shi ya sa kowa ke ce min Abba, shi yana ce min Takwara, Goggo Asabe kuma Babana take ce min tun ina rarrafe. Ranar da na samu gurbi a jami'a ya aika aka yanko farar shadda, ya ce zai yi min riga mai ɗinkin aska biyu a gaba da tambari a baya, in sa ranar da za a ba ni shaidar gamawa. Na ce Baba ai da saura shekara huɗu. Ya ce shi ma hannunsa shekara huɗun yake buƙata yanzu, mu ga wanda zai riga wani gamawa.

A lebul na biyu muka yi wani kos na sadarwa, kuma a ciki akwai mako ɗaya da aka yi kan yadda jiki ke magana ba tare da baki ba. Abin ya shige ni sosai. Daga lakca na faɗa bidiyoyi, datata duk a nan ta ƙare: mai ƙarya yana taɓa hanci, mai ƙarya yana kawar da ido, yana ƙifta ido da sauri, yana harɗe hannu a ƙirji. Malamar ta ce babu wata alama guda da ke nuna ƙarya a jikin kowa, sai ka san yadda mutum yake a kullum, kuma abin ya bambanta daga gari zuwa gari. Wannan ɓangaren daga baya na gan shi a littafin wata 'yar ajinmu, domin lokacin da ake faɗarsa kaina yana ƙasan benci ina latsa waya.

Da aka yi hutu na dawo gida ina ji da kaina. Na fara da ƙanwata Zainab a kan naman miya, na kama ta, ko da yake mai ne a leɓenta ya taimaka min. Na kama baƙuwar da ta ce wa Umma alhamdulillahi a ƙoshe take alhali idonta bai bar kwanon ba. Na kama Baffa Bala, ƙanin Babanmu, yana ce wa wani a waya ga shi nan a Ƙofar Doka ya kusa isowa, shi kuwa yana kwance a tabarma ko takalmi bai nema ba. Wannan kam ko kos ba ya buƙata. Baffa Balan ne ya laƙaba min Sikana, wato na'urar nan mai gano abin da aka ɓoye, sunan ya bi ni har masallaci. Yaya Nasiru ne kaɗai ya gwale ni. Ya ce in dai kawar da ido ƙarya ce to duk birnin Zariya maƙaryata ne, wa ya taɓa tsayawa gaban babba ya zuba masa ido? Don in nuna masa ni na waye, washegari da na je gaida Babanmu na durƙusa na kafe shi da ido kamar yadda bidiyo ya ce masu gaskiya suna yi. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya tambayi Umma ko wani abu nake sha a makaranta.

Da a nan na tsaya da an yi dariya an wuce. To amma cikin duk shirmen nan sai na dace da alama ɗaya ta gaske, kuma a jikin Goggo Asabe na same ta.

Goggo yayar Babanmu ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ɗakinta ne na kusa da rijiya. Ita ma maɗinkiya ce, a wurin Baba Malam ta koya, kuma bahaguwa ce. Tana ƙarama an matsa mata har ta koma cin abinci da dama, amma allura ta ƙi barin hagu. Na lura da abin ne ranar da 'yar maƙwabta da ke koyon girki ta kawo mata dambu da gishiri ya yi wa yawa. Goggo ta ci loma biyu ta ce ya yi daɗi, Allah ya yi albarka, sai hannunta na hagu ya tashi ya je bayan kunne ya ɗan ja ƙullin ɗankwali. Bayan kwana biyu Umma ta tambaye ta gwiwa, ta ce da sauƙi, hannu ya sake tashi. Na ƙirga har sau biyar a mako guda, ina rubutawa a waya kamar mai furojet. Duk ƙaryar da na kama mata irin wannan ce, ta kar a ji kunya ko kar a damu. Ban tsaya na yi tunanin haka ba a lokacin. Murna kawai nake na samu abin da ke aiki.

Akwai wata al'ada tsakaninta da Baba Malam da muka taso muka tarar. Duk Alhamis bayan azahar zai naɗe rigar da yake aiki a kai ya aika mata ciki, ta tsince ragowar zare ta goge dattin hannu, domin shi ba ya ɗinki ranar Juma'a. In an sauko daga masallaci yakan shigo tsakar gida ya zauna a ƙarƙashin darbejiya, 'ya'ya da jikoki da surukai a zo a gaishe shi, a nan take dawo masa da rigar. Kullum sai ya tambaye ta yadda ta ga aikin, kullum amsarta ɗaya ce.

Wannan Juma'ar gidan a cike yake, har da 'yan uwanmu mutanen Kaduna sun zo. An ci shinkafa da wake, ana shan zoɓo, Baffa Bala ya ce a kawo Sikana ya gwada mutane. Na gwada Zainab, na gwada matar Yaya Nasiru a kan ko tana son miyar kukar Umma, aka yi ta dariya, har Baba Malam yana girgiza kafaɗa. Kaina ya fasu. Kun san jika da kaka akwai wasa, a gabansa ba abin da ba na faɗa, sai na manta cewa wasan nawa da shi ne, bai haɗa da 'yarsa ba. Goggo ta fito da rigata a naɗe, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ya tambaye ta ya ta gani.

“Hannunka na nan, Baba,” ta ce.

Hannun hagu ya tashi ya ja ɗankwali. Ni kuwa bakina ya riga kaina.

“Ta taɓa ɗankwali. Baba, Goggo in za ta yi ƙarya sai ta taɓa ɗankwali, na daɗe ina lura. Wannan ba gaskiya ta faɗa maka ba.”

Na jira dariya. Ba wanda ya yi. Umma ta sunkuyar da kai, Babanmu ya ajiye kofinsa a hankali, Baffa Bala mai surutu ya koma kallon akuya. A nan na fara gane akwai abin da manya suka sani wanda ni ban sani ba. Baba Malam ya ɗauki rigar ya warware ta a kan gwiwa, ya juya ta ciki ya koma waje, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya rufe ido ya sa yatsu yana bin bayan ɗinkin, tun daga wuya yana gangarowa. Ya daɗe yana bi, har kiran sallar la'asar ya fara tashi daga nesa. A tsinin aska ta biyu yatsansa ya tsaya.

“Wannan zaren daga hagu ya kwanta,” ya ce. “Asabe, tun yaushe?”

“Tun rigar Alhaji Ɗanlami, Baba.”

“Shekara uku ke nan.”

Ya naɗe rigar yadda ya saba, ya kai hannu gefen hularsa ya zare allurar ya soke ta a jikin naɗin. Ya tashi ya nufi zaure.

Daga baya Umma ta warware min komai a madafa, tana magana ba ta kallona. Idon Baba Malam ya daɗe yana raguwa. Babanmu ya kai shi asibiti, likita ya ce ba irin wanda ake wankewa ba ne, sai dai magani na ɗigawa don kar ya yi sauri. Shi kuma kullum cewa yake yana gani sarai. Ɗinkinsa ya fara fita daga kan zane, layi ya karkace, wani wurin ya bar gurbi. Goggo ce ta fara gani. Maimakon ta faɗa, sai ta riƙa warware inda ya kauce tana mayarwa, daga yammacin Alhamis zuwa hantsin Juma'a, ta ajiye nata aikin gefe. Ta gaba ta kwaikwayi hannunsa har ba mai iya bambancewa, ta baya ne kawai hagunta ke nunawa. Babanmu ya sani, Umma ta sani, Baffa Bala ya sani. Duk sun yarda a bar tsoho da abin da ke tashinsa da safe.

Ga inda labarin ya karkace, ku saurara da kyau. Mutanen Kaduna sun koma da abin da suka gani, aka yi ta waya, daga Kaduna ya je Abuja ya dawo. Kafin wata ya ƙare labarin ya taƙaice ya zama Asabe ta shekara uku tana yaudarar mahaifinta. Waɗanda suka sani tare da ita ba su ce mu ma mun sani ba. Ni kuma ba wanda ya ambace ni, wai yaro ne, kuma mai sunan Malam ne. Goggo ba ta kare kanta wurin kowa ba. Ni me na yi? Na haɗa jakata na koma makaranta saura kwana huɗu hutu ya ƙare, na ce wa Umma an fara lakca. Sikana guda, da ƙarya ya gudu.

Wata uku ban leƙo gida ba, duk da kuɗin mota bai taka kara ya karya ba daga Samaru zuwa birni. Zainab ce ke ba ni labari a waya. Baba Malam yana fitowa zaure kamar kullum amma ba ya komai. Goggo in ta gaishe shi yana amsawa, daga nan ba ƙari. Ya daina shigowa tsakar gida ranar Juma'a. Da na gaji da ɓuya na zo wata Asabar, na same shi a inda ya saba zama, hannayensa a kan gwiwa, babban yatsa da manuni suna ɗan motsi kamar mai jan zare. Na durƙusa na gaishe shi ina jiran faɗa. Ya tambayi karatu, ya tambayi ko ana ba mu abinci mai kyau, sannan ya ce gobe zan raka shi unguwa.

A hanya ya gaya min inda za mu. A shekara ukun nan riga uku ya gama, kuma duk wanda ya zo karɓa ya gaya masa da bakinsa cewa hannunsa ne daga farko har ƙarshe. Ya ce shi bai taɓa sayar wa mutum aikin wani da sunansa ba, sai ga shi ya yi har sau uku yana murmushi ana yabonsa. Wannan ne ya hana shi sukuni, ya ce, ya fi zafin idon. Tun da ni na iya gano ƙarya, sai in raka shi ya je ya gyara tasa.

Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Ƙofar Doka, gidan Alhaji Ɗanlami, mai sayar da hatsi, abokinsa tun suna samari. Tun daga zaurenmu Baba Malam ya riƙe hannuna bai saki ba. A nan na san yadda idon ya yi nisa, domin ko dakalin ƙofa sai na ce masa ɗaga ƙafa. Aka shimfiɗa mana darduma, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da kasuwa da damina. Sannan Baba Malam ya faɗi abin da ya kawo shi, bai yi kwana-kwana ba: rigar nan ta shekara uku da suka wuce, rabin aikinta na 'yarsa Asabe ne, shi bai sani ba a lokacin, yanzu ya sani, ya zo a yafe masa.

Alhaji Ɗanlami mutum ne da ba ya jimla biyu bai ce wallahi ba, ko farashin gero zai faɗa maka. Ranar bai faɗa ko sau ɗaya ba. Ya tura hularsa baya ya sosa goshi, ya juya carbi, ya ce shi kam bai taɓa ganin wani bambanci ba, yau ya fara ji, kuma rigar ita ce ta zuwa Idinsa har gobe. Ina kallonsa na san ya sani tuntuni. Wataƙila tun kafin rigar tasa ya ga yadda abokinsa ke laluben ramin allura.

Muka fito muna tsaye a bakin titi muna jiran keke, hannuna cikin nasa.

“To Sikana,” ya ce, “me ka gani a jikinsa?”

Ban taɓa jin tambaya ta yi min nauyi haka ba. In na ce ya sani, na gaya wa tsohon nan cewa har a waje an daɗe ana lallaɓa shi. Na daidaita murya yadda bidiyo ya koya min.

“Gaskiya ya faɗa, Baba. Bai sani ba.”

Ya yi 'yar dariya ta hanci, irin wadda na yi wata uku ban ji ba.

“Kai naka a hannu yake, Takwara. Ka matse min yatsu.”

Na duba, ashe kuwa na damƙe su tamau. Na sassauta, kunya kamar in shige kwata. Bai ƙara magana a kai ba sai da muka gama sauran gidajen biyu. Na biyun wani tsohon ma'aikaci ne a wajen Kufena, ya yi ta cewa haba Malam, haba Malam, har muka tafi. Na ukun ya rasu bara, ɗansa muka samu. Baba Malam ya gaya masa duk da haka. Mutumin ya shiga ciki ya kawo mana ruwa.

Da muka dawo ya ce a sauke mu a bakin kasuwa, yana so ya taka. Muna tafe a hankali cikin lungu, muna raɓawa jikin katanga in babur ya zo, sai ya ce wai ina tsammanin ni na fara gano ɗankwalin nan? Goggo tana da shekara shida ta zubar masa da tawada a kan buzu ta ce kaza ce, hannu ya tashi ya je bayan kunne. Tun ranar ya sani.

“Ban taɓa gaya mata ba, ban gaya wa uwarta ba. In ta sani za ta daina. Da aka kai ta gidan miji in na je na ce Asabe lafiya kuke, ta ce lafiya lau, ba bakinta nake kallo ba. Sau biyu hannun nan ya sa na kira mijinta muka zauna. Shekara hamsin ina ajiye da abin nan, kai ka samu a mako guda ka watsar a tsakar gida don a yi maka dariya.”

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Muka yi 'yan taku, sannan ya ce da idonsa na nan da ba ta kai Juma'a biyu tana yi masa haka ba. Kuma in za a yi adalci shi ya fara, shi ne ya yi ta cewa yana gani sarai. Ya ce ya yi wata uku yana fushi da yarinya a kan abin da a wurinsa ta koya.

Muna isa gida na wuce ɗakin Goggo kafin ƙarfin halina ya gudu. Tana bakin ƙofa tana aikin wata hula. Na durƙusa na ce Goggo na kwafsa, ki yafe min, kuma na bar ki da laifin ke kaɗai na gudu. Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layi.

“Ba komai, Babana.”

Hannun hagu ya fara tashi. Ya kai kafaɗa sai ta kama shi da na dama ta mayar kan cinya ta danne. Na gani, kuma a karo na farko a rayuwata na ga abu na yi shiru. Har yau haka take yi, ku lura in ana tambayarta jiki, hannayenta a haɗe suke a cinya. Yanzu in ta ce gwiwa da sauƙi ba wanda ya san ko da sauƙin. Wannan ɓarnar tawa ce, kuma ba ta gyaru ba.

Bayan la'asar ranar Baba Malam ya shigo tsakar gida da rigata a hammata, allurar na nan inda ya soke ta. Ya nemi kujera 'yar tsugunne ya zauna a ƙofar ɗakin Goggo, abin da bai taɓa yi ba, duk gidan ana leƙe ta labule. Ya shimfiɗa rigar, ya ce ta ba shi hannunta na hagu, ya riƙe, ya ce to ta gaya masa duk inda ya kauce a aikin da ba ta riga ta taɓa ba. Ta fara da ƙyar, murya ƙasa-ƙasa. Nan layin ya fita. Nan ka tsallake. Nan zaren ya hau kan ɗan'uwansa. Yana bi da yatsa yana cewa na'am. Da suka zo tambarin baya, wanda shi ne aikinsa na ƙarshe kuma ba ta kai ga gyara shi ba, ta ce Baba wannan gaba ɗaya ya zame gefe, ya fi kama da ƙwai. Wani ya ƙyalƙyale a bayan labule, ina zargin Baffa Bala. Baba Malam ma ya yi dariya, ya zare allurar ya sa mata a tafin hannu, ya ce ta warware nasa duka ta yi nata.

A nan na sa baki, wannan karon na nemi izini tukuna. Na ce rigar tawa ce, a bar min tambarin yadda yake. Ya ce za a yi min dariya a gaban manyan malamai. Na ce ai na saba.

Bai sake riƙe allura ba, kar wani ya ce muku ya koma ɗinki. Har yanzu in ka shigo zaure da hantsi za ka ga yatsun nan biyu suna jan zaren da babu, kuma duk ranar da na gani sai na ji wani iri. Abin da ya canza shi ne Juma'a ta juye. Yanzu Goggo ce ke kawo masa aikinta ƙarƙashin darbejiya, ya juya bayan ya bi da yatsa, kuma ba ya lallaɓa ta ko kaɗan: nan kin yi sauri, nan hankalinki na kan rediyo. Tana ƙorafi wai tsohon nan ya fi da tsanani. Duk wanda ya kawo shadda zaure kuma yana gaya masa tun kafin ya zauna cewa aikin 'yarsa ne, bahaguwa ce, in bai yi masa ba ga ƙofa. Ba wanda ya taɓa juyawa.

Rigar ta dawo daga wurin mabuga shekaranjiya, tana ƙyalli kamar a lasa. Yau da safe na saka ta na gwada, na fito zaure ina taku ɗaya-ɗaya, Zainab na bina da waya. Goggo ta biyo mu har bakin zaure ta tsaya. Baba Malam ya shafa gaban, ya shafa wuyan, ya ce in juya, ya sa tafinsa a kan tambarin ya ɗan jima. Sannan ya ce in ba shi hannuna.

“Ya ta yi, Takwara?”

“Gaban ya haɗu, Baba, Goggo ta kashe aiki. Tambarin baya kuma a karkace yake, kamar ƙwai. Shi na fi so.”

Ya riƙe yatsuna yana jira, ya ƙara jira. Sannan ya juya wajen da Goggo take ya ce mata yaron nan bai matse ba.

To kun ji yadda aka yi. Hanifa, gobe ki nemi ƙawar nan taki ki gyara mata labarin. Sauran ku kuma abu ɗaya nake roƙo: ku tura wannan a gurup ɗin gida, ku tura wa mutanen Kaduna da na Abuja, har da waɗanda ba sa buɗe saƙo sai an kira su. Wanda bai iya karatu ba a zauna a karanta masa, kuma kar a tsallake layin farko.